Wa zai leƙa tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaki?

A Faransa da Ingila ana kukan cewa tsoho kan daɗe yana jiran a turo masa mai jinya gida, saboda ma'aikata sun yi kaɗan. A nan Garwa, a arewacin Kamaru, ko jiran ma ba mu samu ba, domin babu ofishin da mutum zai je ya rubuta sunan mahaifiyarsa a ce masa ya saurari kira.

Goggona ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, ana tsakiyar zafin watan Afrilu. Da aka sallame ta daga asibiti, takardar magani kawai aka miƙa mana, aka ce Allah ya ƙara sauƙi. Babu wanda ya gaya mana cewa mai kwance sai ana juya shi bayan kowace awa biyu. Kafin wata ya cika, gyambo ya buɗe a ƙugunta. Jikarta, yarinya 'yar aji uku a sakandare, ita ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta wanke zannuwa tun da asuba ta shanya a kan katanga. Ba ta ƙara komawa makaranta ba. Wani malamin asibiti ne ke biyowa bayan magariba, in ya tashi aiki, ya wanke gyambon, mu biya shi daga aljihunmu har da kuɗin mai na babur. Ranar da babu, sai a bar ciwon da tsumma.

Na san abin da wasu za su ce: kula da iyaye farilla ne a kanmu, ba aikin hukuma ba. Haka ne, kuma babu ɗan halas da ke neman a gina masa gidan ajiye tsofaffi ya kai uwarsa. Amma ƙauna ba ta koya wa mutum canza robar fitsari ko auna hawan jini. Wannan ilimi ne, kuma masu shi albashi suke bukata.

Gwamnati ta riga ta nuna tana iyawa in ta ga dama. Shirin inshorar lafiya na CSU da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya mayar da wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara. Mace mai ciki a arewacin nan tana biyan sefa 6,000 ta karɓi takardar da za ta kai ta har haihuwa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna ciki, masu tarin fuka da masu cutar sida suna ciki. Tsohon da ba ya iya taka ƙofar ɗaki, shi ne ba a ambata ba. Galibin tsofaffinmu kuwa manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su taɓa zuba sisi a asusun fansho na CNPS ba, don haka babu abin da ke shigo musu a ƙarshen wata.

Batun rashin kuɗi ba ya gamsar da ni. Tun 2001 a Abuja ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, Kamaru kuwa ko rabin haka ba ta kaiwa.

A jawabinsa na ƙarshen 2024, Shugaba Paul Biya ya sanar da ɗaukar ma'aikatan lafiya 9,944 cikin shekara biyar. A ware wa kowace ƙaramar cibiyar lafiya mutum ɗaya daga cikinsu, a ba shi babur, aikinsa zagayen gidaje. Muna kuma da jami'an lafiya na unguwa, waɗannan da ke bin gida-gida da maganin zazzaɓin yara lokacin damina. Sun san kowane zaure, matan gida ba sa ɓoye musu komai, sai dai ɗan abin da ake ba su ba ya riƙe mutum. A horar da su, a riƙa biyansu duk wata.

Kafin duk wannan, magajin gari a Garwa ko Marwa ko Ngaundere ba ya bukatar izinin Yawunde kafin ya tura wa masu unguwanni littafi, su rubuta sunan duk wanda ke kwance a gida da wanda ke jinyarsa. A unguwarmu kaɗai na ƙirga gida shida, kuma a huɗu daga ciki, yarinyar da aka cire daga makaranta ce ke riƙe da majinyacin.