Gwauruwar Zarefat Ba Ta Yi Arziki Ba

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san irin bidiyon da nake nufi. Tsawonsa minti ɗaya, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Mai wa'azi ya kafa wa kyamara ido, kiɗa mai taushi yana tashi ƙasa-ƙasa, ya ɗauko labarin gwauruwar Zarefat: ta ba annabi Iliya abincinta na ƙarshe, sai tukunyar garinta ta ƙi ƙarewa. Kafin ya rufe baki, lambar asusun banki ta fito a gindin allo. "Ka shuka iri yau, ka rubuta Amin, kafin kwana bakwai za ka ba da shaida." Jama'a kuwa su yi ta rubuta Amin rututu. Gobe labarin Yusufu ne, daga rijiya zuwa fada. Jibi Dawuda da Goliyat, kuma Goliyat ɗin wai bashin da ake bin ka ne.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan salo shi ne labaran na gaskiya ne, suna nan a Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya ƙirƙiro su. Yanke su ake yi daidai inda daɗi ya tsaya, a jefar da sauran. Mutum ya shekara yana jin rabin labari safe da yamma, ya ɗauka ya koyi bangaskiya, alhali ciniki aka koya masa: ka ba da kaza, Allah ya mayar maka da kaza.

Mu buɗe 1 Sarakuna sura 17 mu karanta ta har ƙarshe. Iliyan da ya isa ƙofar Zarefat ɗan gudun hijira ne, sarki Ahab yana nemansa ruwa a jallo, rafin Kerit da yake sha ya ƙafe. Ya iske matar tana tsintar 'yan itatuwa domin ta dafa ɗan garin da ya rage, ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. Ta ba shi, haka ne. Me ta samu? Garin da man ba su ƙare ba har ruwan sama ya sauko. Iyakarsa ke nan. Ba a ce rumbunta ya cika ba, ba a ce ta sayi gona ba. Kullum ta zura hannu ta samu na ranar. Annabin kuma bai karɓa ya wuce ba, a ɗakin bene na gidanta ya zauna, abin da suka ci shi ya ci, yunwar ƙasar ta shafe su tare. Sannan ga sashen da ba ya shiga bidiyo: bayan duk wannan biyayya, ɗanta ya kamu da ciwo ya mutu. Ta fuskanci Iliya da baƙin ciki, tana tambaya ko ya zo ne ya tuna mata da zunubinta ya kashe mata yaro. Sai bayan Allah ya ta da yaron ta ce yanzu ta san Iliya mutumin Allah ne. A ɗakin makoki bangaskiyarta ta nuna, bayan ta riga ta ba da duk abin da take da shi.

In kuwa mai wa'azi yana neman annabin da zai kwaikwaya a harkar kuɗi, ga Elisha a 2 Sarakuna sura 5. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya zo neman warkarwa daga kuturta ɗauke da talanti 10 na azurfa, shekel 6,000 na zinariya da tufafi kashi 10. Ya warke a kogin Urdun, ya dawo yana roƙo a karɓi kyautarsa. Elisha ya rantse ba zai taɓa ko ɗaya ba. Baransa Gehazi ne ya ga an yi asara, ya bi bayan karusa da gudu, ya shirya ƙarya cewa wasu samari biyu daga ƙungiyar annabawa sun iso, ana bukatar taimako. Ya dawo da talanti biyu da tufafi kashi biyu, ya ɓoye a gida, ya tsaya gaban maigidansa kamar ba abin da ya faru. Ya fita daga wurin da kuturtar Na'aman a jikinsa. Ana yawan wa'azi a kan nutson Na'aman sau bakwai. Yaushe rabon da ka ji mai lambar asusu ya ambaci sunan Gehazi?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake amfani da gwauruwar da ta zuba 'yan tagulla biyu a baitulmalin Haikali. Ana ɗaga ta a matsayin misali, wai ko ba ka da komai, ka kawo na ƙarshen. To, a Markus sura 12, ayoyin da suka zo daf kafin labarin gargaɗi ne a kan malaman Attaura masu son manyan riguna da gaisuwa a kasuwa da wuraren zama na gaba, waɗanda Yesu ya ce suna cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Yana gama faɗin haka ya zauna daura da baitulmalin, sai ga ɗaya daga cikin gwaurayen ta zo ta zuba abin da za ta rayu da shi. Ya yaba wa zuciyarta, ba shakka. Amma duk wanda ya karanta a jere zai gane cewa akwai tuhuma a ciki ga masu karɓa. A Luka ma rabon sura ne ya faɗa tsakanin maganganun biyu, gargaɗin yana ƙarshen sura 20, gwauruwar tana farkon 21. Luka bai rubuta da surori ba. Ana danganta rabon surorin da muke amfani da shi ga Stephen Langton na Ingila a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya saka su. An yi su ne domin a sauƙaƙa neman wuri, yau sun zama wuƙar da ake yanka maganar Allah gunduwa-gunduwa, kowa ya ɗauki wadda za ta shiga aljihunsa.

Wannan koyarwa ta shuka iri kuwa ba wahayi ba ce da aka saukar wa wani jiya da dare. Daga Amurka ta bazu, kuma mai wa'azi Oral Roberts na cikin waɗanda suka fi tallata ta. Shi ne a 1987 ya shaida wa masu kallonsa a talabijin cewa in bai tara dala miliyan 8 ba Allah zai ɗauki ransa. Babban taron Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010, wanda ya haɗa shugabannin masu bishara kusan daga ko'ina a duniya, ya fito fili ya ce koyarwar da ke mai da albarkar Allah abin saye ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki. Har Benny Hinn, wanda ya shafe shekaru yana cikin jagororinta, ya tsaya gaban jama'a a 2019 ya ce sa wa bishara farashi laifi ne ga Ubangiji, kuma ya daina cewa a kawo dala 1,000. Ko ya daina ɗin da gaske, masu bin shirye-shiryensa ne za su faɗa. Abin lura dai shi ne masu kayan sun fara jin kunyarsa, 'yan sari kuwa sai ƙara ɗaga murya suke yi.

Na san amsoshin. Za a ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji, kamar Bulus bai tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya ba. Za a ce ai wa'azin yana ba talaka bege, to begen da ke ƙarewa ranar da kwana bakwai suka cika ba a ga komai ba, sunansa romon baka. Akwai kuma masu tsallakawa ɗaya gefen su ce talauci shi ne tsarki, su ma ba su karanta labarin Ibrahim ko na Lidiya mai sayar da shunayya ba, ba kuma da su nake yau ba.

Ɓarnar ta fi ta kuɗi. Wanda aka koya wa cewa bangaskiya tana haifar da sakamako cikin mako guda, in sakamakon bai zo ba, abu biyu ne suka rage masa: ya ce Allah ya yaudare shi, ko ya ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Mai wa'azin kuwa kullum na biyun yake nuna masa, ya ƙara da cewa irin ne ya yi kaɗan. Haka matar da ta binne ɗanta za ta koma gida da nauyi biyu, na rashi da na zargin kai. Wane makiyayi ne ke yi wa tumaki haka?

Littafin da ake fakewa da shi bai taɓa ɓoye wannan gefen ba. Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. A lokacin da suke faɗin haka ba su san za su fito ba. Mu ne muka san ƙarshen. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 ke nan na bauta da ƙazafi da kurkuku, har da shekara biyu cur da mai shayarwar sarki ya manta da shi. Bidiyo yana tsallake su da jimla ɗaya. Ibraniyawa sura 11, wadda ake kira surar bangaskiya, ta lissafa waɗanda suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki, sannan ba tare da ta canza murya ba ta ci gaba da waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, masu yawo cikin fatun tumaki da na awaki, ta ce duniya ba ta cancanci zamansu ba. Dukansu aka yaba wa bangaskiyarsu.

A duba Ayyukan Manzanni sura 12. Kowa yana son daren da mala'ika ya tashi Bitrus tsakanin sojoji biyu, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, ya isa gidan da masu bi suke addu'a, baranya Roda ta ji muryarsa, murna ta sa ta ruga ciki ta bar shi tsaye a waje yana ƙwanƙwasawa. Labari mai daɗi, har da ban dariya. Amma aya ta biyu a wannan surar ta ce Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Manzo ne shi ma, yana cikin ukun da suka ga ɗaukakar Yesu a kan dutse. Shin Yakubu bai shuka iri ba ne? Ko Bulus, wanda aka yi wa bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, jirgi ya fashe da shi sau uku, ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa sau uku aka ce masa alheri ya ishe shi, ya kuma bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas, shi ma bangaskiyarsa ce ta gaza?

Yesu da kansa bai taɓa farautar mabiya da rabin magana ba. Bayan ya ciyar da mutum 5,000, taron ya bi shi har hayin teku, ya ce musu a fuska gurasar da suka ci suka ƙoshi ce ta kawo su. Ya ci gaba da koyarwa mai wuyar haɗiya har almajiransa da yawa suka juya baya, bai bi su da lallashi ba, sai ma ya waiwayi sha biyun ya tambaye su ko su ma tafiya za su yi. Wani ya ce zai bi shi duk inda za shi, ya amsa masa cewa yanyawa suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, shi kuwa ba shi da wurin sa kansa. Ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya lissafa abin da za ta ci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma Yesu bai ɓoye wa kowa ramukan ba. Masu magana da sunansa ne a yau suke toshe su da hannu har a biya kuɗi. A ce yana da shafi a Facebook ko TikTok, da masu ba da shawarar tara mabiya sun kore shi tun makon farko.

Gyaran ba ya bukatar kwamiti. Ikilisiyoyi su koma karanta littafi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa a gaban jama'a, fasto ya yi wa'azi a kan ayar da ta zo, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Malaman makarantar Lahadi su daina rufe labarin Iliya a kan tukunyar gari. Dattawan ikilisiya su tambayi inda baiko yake tafiya, su daina ɗaukar tambayar a matsayin rashin ladabi. Kai kuma mai riƙe da waya, kafin ka rubuta Amin, buɗe surar ka karanta ayoyi goma kafin wadda aka jefo maka da goma bayanta. In mai wa'azin ya ce ga lambar asusu, roƙe shi ya yi bidiyo na gaba a kan Ayyukan Manzanni 8:20, inda Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi.