Jami'a a Legas ba za ta yi faɗi irin na Samaru ba

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, iyaye a Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan shiga irin lissafin da suka saba: yaro ya ci maki mai kyau, ya zaɓi Jami'ar Legas ta tarayya (UNILAG) ko Jami'ar Jihar Legas (LASU), amma sai an fitar da jerin farko da na biyu na waɗanda aka ɗauka ba a ga sunansa ba. Da yawa daga cikinmu mukan ƙare da tura shi wurin kawunsa a Kano ko Zariya, shi da aka haifa a Legas, wanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Masu rubuta jarrabawar nan sun kusa miliyan 2 a 2025, kuma Legas na cikin jihohin da suka fi yawan masu nema.

Amsar da ake saurin bayarwa ita ce a gina sababbin jami'o'i, sai dai ina ganin masu faɗin haka suna auna Legas da mudun Arewa. Wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, ya saba da jami'ar da ake yini ba a zagaye filinta ba. Legas kuwa ita ce jihar da ta fi kowace ƙarancin ƙasa a Najeriya, murabba'in kilomita kusan 3,500 ne kawai, wani kaso mai yawa ruwa ne da fadama, ga mutanen da gwamnatin jihar ke cewa sun haura miliyan 20. UNILAG, da aka kafa a 1962, tana matse ne a Akoka tsakanin ruwa da unguwannin Bariga da Yaba, ba ta da inda za ta miƙe ƙafa sai ta yi ciko, cikon fadama kuwa kan lashe kuɗi mai yawa tun kafin a ɗora bulo ɗaya. LASU, da Lateef Jakande ya kafa a Ojo a 1983, a bayan gari take a lokacin, yau gari ya kewaye ta har Alaba Rago.

Gaskiya ne cewa a 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta mayar da kwalejin kimiyya da fasaha ta Ikorodu jami'a, ta kuma haɗe kwalejojin ilimi na Ijanikin da Epe suka zama jami'ar ilimi. Dabara ce mai kyau domin ba ta buƙaci sabon fili ba, amma azuzuwan da ke wurin jiya su ne dai a wurin, kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana ba kowane sashe adadin ɗaliban da zai ɗauka ne gwargwadon malamansa da ɗakunan gwaje-gwajensa. Canjin suna bai ƙara kujera ko ɗaya a ɗakin lacca ba. Jami'o'in kuɗi da dama kuma sun tattara zuwa Imota da Ibeju-Lekki da Epe, inda fili yake, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan mai sayar da tumatir a Mile 12.

Ra'ayina shi ne a daina auna jami'a da faɗin filinta. Garin da ya iya gina benaye masu hawa ashirin don bankuna a Marina zai iya gina ɗakunan karatu da na kwanan ɗalibai masu hawa goma a Akoka da Ojo, muddin an tanadi wutar da ba ta yankewa da ruwan da zai hau sama, domin bene mai tsawo ba tare da lif mai aiki ba azaba ce kawai. Ɗakin kwana ma ya fi gaggawa, saboda ɗalibin da bai sami gado ba yana biyan kuɗin haya a Akoka da ya ninka kuɗin makarantarsa, ko ya kwashe sa'o'i a gosulo kullum. Akwai kuma gine-ginen gwamnatin tarayya da aka bari tun da aka koma Abuja a 1991, irin su tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi, wadda ke tsaye tana lalacewa a tsakiyar gari mafi tsadar fili a ƙasar nan. Tunda gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara 7 daga 2025, ba ta da hujjar ƙin duba irin waɗannan gine-gine don faɗaɗa waɗanda take da su.

Jirgin ƙasa ma yana cikin wannan magana. Layin da aka buɗe a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, idan aka ƙarasa shi zuwa Okokomaiko, zai bi ta gaban LASU, wanda ya tashi daga Agbado zuwa Oyingbo kuma yana tsayawa a Agege da Yaba. Yarinyar da iyayenta ba za su yarda ta kwana a makaranta ba, kuma muna da irinsu da yawa a unguwanninmu, za ta iya fita daga Agege da safe ta halarci lacca a Akoka ta dawo gida kafin magariba, in har an daidaita lokutan darasi da na jirgi, an kuma yi wa ɗalibai rangwamen kuɗin tikiti.