'Yata ta san Lakwaja, ba ta san Jakara ba

Jiya da daddare 'yata da ke aji huɗu na firamare tana bita, sai na ji tana rerawa kamar karatun allo: Kogin Kwara da na Binuwai sun haɗu a Lakwaja. Na ce madalla, to wane kogi ne ya ratsa birnin Kano? Ta yi shiru, can ta ce ai Kano babu kogi. Na ce Jakara fa? Ta kwashe da dariya ta ce, "Baba, ai wannan kwata ce."

Ban ga laifinta ba. Tunda aka haife ta baƙin ruwa mai wari ta sani, leda da robobi suna yawo a kai, wani wajen ma an rufe shi an shimfiɗa titi. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Muna sa yara haddar abin da ke nesa, mu bar su ba su san ƙasar da suke takawa ba.

Jakara kogi ne, kuma ya girmi ganuwa. Tsohon tarihin Kano ya ambace shi da Kurmin Baƙin Ruwa, daji ne mai duhuwa da mutanen Dala suke girmamawa. A gefensa aka kafa Kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yaro da ya ji wannan zai tambayi kansa me ya sa ake kiran kasuwa kurmi alhali babu bishiya, kuma daga wannan tambayar darasi ya fara.

Sai a bi ruwan. Idan ya fita daga cikin gari ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya nufi madatsar Wasai a Minjibir. A hanya 'yan lambu suna jan sa da inji suna ban ruwa ga latas da alayyafo da kabeji, washegari kayan su dawo kasuwa, mu saya. Ledar da yaro ya jefa a kwata da safe tana da inda za ta je, abin da ya bi ruwan kuma yana da hanyar dawowa tukunyar gidansu. Wane zane a allo ne zai koya masa wannan kamar ya tsaya a bakin ruwan ya gani?

Ga Dala da Goron Dutse kuma, muna wucewa kullum. A kai yara, a ba kowa ɗan jan dutsen nan na marmara ya riƙe, ya ji nauyinsa, a gaya masa jan nan ƙarfe ne, kamar tsatsar da ke jikin tsohon langa-langa. Tamar wajen ce ta jawo maƙera suka zauna a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Kimiyya da tarihi a tafin hannu guda. Na san wani zai ce za a koya wa yara Barbushe da Tsumburbura. Sanin abin da kakanni suka bari kafin Musulunci bai taɓa mai da kowa matsafi ba, mu ma an ba mu labarin muna yara.

Abin da ya fi damuna shi ne kududdufai. Da ƙasarsu aka gina gidaje da ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, ramukan da suka rage suka zama matattarar ruwan sama. Muka cike su da shara muka yi gini, yanzu duk watan Agusta ruwa ya shiga ɗakuna mu ce ambaliya ta zo. Ruwa dai ba ya manta hanyarsa. Yaron da aka nuna wa wannan yana shekara goma, in ya girma ya zama mai awon filaye, ko ba komai zai yi jim kafin ya sa hannu.

Malamai za su ce aji ya cika maƙil, ga babu kuɗin mota, ga tsoron kada ɗan wani ya faɗa ruwa. Gaskiya ne, kuma ban ce a kwashi yara zuwa Tiga ba. Makarantu da yawa a cikin gari da ƙafa za su isa Dala ko Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata. A raba ajin kashi-kashi, iyaye biyu su raka. A ɗebo ruwan kwata a kwalba, a ɗebo na famfo, a ajiye a taga zuwa washegari yara su ga abin da ya kwanta a ƙasa. A gayyato dattijon unguwa ya faɗi inda yake kamun kifi yana yaro.

Ni dai na yi wa 'yata alkawari, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu hau Dala da sassafe. Ta ce sai dai in saya mata awara a hanya, na ce na yarda.