Manhajar lissafi ta shigo aji, amma ba ta san tanki ba

Ina goyon bayan a riƙa amfani da manhajojin kwamfuta wajen koyar da ekwasiyon diferansiyel, wato lissafin da ke ɗaure abu da saurin canjawarsa, tun daga ajin tarminal na lise har zuwa shekarun farko na jami'a a nan Damagaram. Ɗalibai da dama suna haddace hanyar warware y' = ay + b (inda y' ke nufin saurin canjawar y, a da b kuma tsayayyun lambobi ne) saboda jarrabawar bak, amma idan aka tambaye su ina amsar ta dosa bayan lokaci mai tsawo, sai aji ya yi tsit.

Wata manhajar lissafi mai suna GeoGebra tana magance wannan. Takan cika fuskar waya da gajerun layuka, kowanne yana nuna inda amsar za ta karkata a daidai wurin, ɗalibi kuma ya ja ɗigon da layin amsar ya faro daga gare shi da yatsarsa, ya ga layin ya sauya hanya nan take. Kyauta ce, kamar takwarorinta Maxima da Xcas, tana kuma aiki a salula ko babu intanet, saboda haka rashin ɗakin kwamfuta bai isa ya hana mu farawa ba. Ga shi kuma yawancin ekwasiyon diferansiyel ba su da amsar da za a rubuta da alli a layi ɗaya, sai dai a kusanto ta taki-taki da irin hanyar da masanin lissafi Euler ya bayyana a 1768, aikin da ke cin awa guda da hannu amma na'ura ta gama kafin ƙiftawar ido.

Damuwata tana wani wuri. Mu ɗauki tankin ruwa da aka buɗe famfonsa na ƙasa, abin da kowane gida a garin nan ya sani. Ruwan yakan fito da ƙarfi yayin da tankin ke cike, ya riƙa raguwa yayin da yake sauka, kuma dokar Torricelli, wadda ke bayyana saurin fitar ruwa daga tanki, ta rubuta wannan da h' = −k√h, inda h ke nufin tsayin ruwan, k kuma tsayayyar lamba ce. Amsar da ake samu ita ce h = (√h₀ − kt/2)², inda h₀ ke nufin tsayin ruwan a farko, t kuma lokaci. Wanda ya zana ta ba tare da tunani ba zai ga layin ya sauko har sifiri, sannan ya sake hawa, tamkar tankin ya fara cika kansa. Lissafin ya daina aiki tun lokacin da ruwan ya ƙare, kuma ɗalibi ne kaɗai zai iya yanke layin a nan, domin shi ne ya san tanki.

Don haka ina roƙon ƴan'uwana malamai da kada mu bar wa na'ura gina ekwasiyon daga matsalar, haka nan kada mu bar mata fassara amsar. Ɗalibi ya fara warware masu sauƙi da hannunsa, sannan ya buɗe manhaja. A jarrabawa kuma a ba shi zanen da na'ura ta fitar, a tambaye shi daga wane minti zanen ya rabu da abin da ke faruwa cikin tankin, ya kuma kawo hujjarsa a rubuce.