Gaisuwar Sallah daga ƙafar bene

Gidan da muke haya a Rijiyar Zaki bene ne, mu a sama, wani ɗan kasuwa a ƙasa. Ranar da dillali ya kai ni ganin gidan, ba abin da ya dinga zuzutawa kamar ƙafar benen: farin tayil sai sheƙi yake, ƙarfen dafawa ya sha fenti ruwan gwal, ga ɗan sito a ƙarƙashi na ajiye janareta. Ka taka takwas ka iso landin, ɗan filin nan da ake shan kwana, ka ƙara tara ka shiga falo. Duk ya faɗa, ban da labarin taki na takwas, wanda ke manne da landin.

Kowa a gidan ya san shi. Yara sun sa masa suna Mugu. Uwargida in ta zo kansa sai ta sake bisimilla.

Ranar Hawan Daushe surukaina suka biyo ta gidanmu. Baba gwiwa ta hana shi hawa, sai aka shimfiɗa musu tabarma a gindin benen. Ni kuwa na ci ado: farar shadda ta sha bugu, babbar riga har ƙasa, sabon takalmi da ƙasansa bai taɓa ganin turɓaya ba. Zan sauka ke nan uwargida ta miƙo mini jug cike da zoɓo mai sanyi da kofuna, wai tunda can na nufa. Hannu biyu duk sun cika, ƙarfen dafawa sai kallo.

Tara na sama na sauke su cikin natsuwa, ina tsara gaisuwa a zuci. Na sha kwana a landin, na hango hular Baba, na sunkuyar da kai saboda kunya, na miƙa ƙafa inda na saba samun ƙasa. Babu ƙasa. Kafin ta samu, ɗaya ƙafar ta take bakin riga. Sauran bakwai ɗin da mazaunaina na ƙirga su, dum, dum, dum, bugaggiyar shadda a kan tayil ba birki. Jug ya riga ni yin sama, ya dawo ya same ni a hanya. Na tsaya rub da ciki, goshina dab da yatsun Baba.

Inna ta ga farar riga ta koma ja wur, ta ɗora hannu a ka tana salati. Sai da ƙanshin citta da kanumfari ya bugi hancinta ta sauke hannun. Ni kuwa ƙugu na ci da wuta, amma wane mutum ya yi raki a gaban suruki? Daga kwancen na ce, "Baba, an yi Sallah lafiya?"

Ya dube ni, ya gyara zaman carbinsa, ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ai ko tsuguno ka yi ya wadatar."

Da ƙugun ya lafa na ɗauko wani dattijon magini da yaronsa, mai karatun zanen gini a foli. Dattijon bai ce uffan ba, ya zaro tef ya fara daga ƙasa. Kowane taki yana auna abu biyu: tsayinsa, da faɗin inda tafin ƙafa ke sauka. Inci 7, faɗi 11. Inci 7, faɗi 11. Da ya zo kan Mugu sai ya cire hula ya sosa ƙeya. Tsayi inci 10, faɗi 9.

"Alhaji, wanda ya yi wannan bai raba ba," in ji shi. Ƙa'ida, a auna daga daɓe har dakin, wato daɓen sama, a raba daidai kafin kafinta ya buga katako. Shi kuwa wancan ya zuba landin tukuna, ya taso daga ƙasa da bakwai-bakwai, abin da ya yi saura ya jibga wa na ƙarshe. Ƙafa kuma, ya ce, da ta taka biyu ko uku ta haddace, ba ta ƙara tambayar ido.

Yaron ya ga dama ta samu. Ya ce akwai lissafin da wani Bafaranshe mai suna Blondel ya rubuta tun 1675: tsayi sau biyu a haɗa da faɗi, ya ba da kamar inci 24 zuwa 25, gwargwadon takun mutum. Na Mugu ya ba da 29. Dattijon ya ce shi bai san Bafaranshe ba, gwiwarsa ce ke faɗa masa.

Tunda sun zo, ba abin da suka ƙyale. Leɓen kowane taki tayil ne mai kaifi, ba zanen da zai riƙe takalmi. Ƙarfen dafawa ya kamata ya kai kusan ƙafa 3, namu iyakarsa cinya. Sandunan da ke tsaye a ƙarƙashinsa kada tsakaninsu ya wuce inci 4, don kada kan yaro ya shige. Namu, yaron ya zura kansa ya fito da shi har da hula.

Na kira mai gidan na karanta masa duka. Ya saurara tsaf, ya ce gyaran sai an fasa daga landin zuwa ƙasa, kuma in ina son ƙafar bene irin ta Bafaranshe, haya ma za ta koma irin ta Faransa. Sai muka sayo baƙin tef mai kaushi muka liƙa a leɓen Mugu.

Shekaranjiya mijin ƙanwar uwargida ya kira ni, ransa a ɓace. Wai ya je gaida Baba, ya durƙusa har ƙasa, Baba ya ce masa duk cikin surukansa mutum ɗaya ne ya iya gaisuwa. Yana so in faɗa masa yadda nake yi. Na ce ya sa farar shadda ya zo gida in nuna masa.