Marsandi a Garinsu, Marsandi a Garinmu

Ranar da na fara sauka a Stuttgart ta ƙasar Jamus, shekara tara ke nan, Marsandi ce ta ɗauke ni daga filin jirgi zuwa masauki. Tasi ce mai launin hauren giwa, direbanta wani dattijo Baturke da bai daina ƙorafin cunkoso ba har muka isa. Na zauna a baya na takure kamar wanda aka kira fada, ina tsoron kada takalmina ya ɓata shimfiɗar ƙasa. Kafin mu kai na gaji da ƙirga: motar kwasar shara Marsandi, motar asibiti Marsandi, bas ɗin haya Marsandi, har mai gyaran famfo tauraron nan ne a goshin motarsa. A layinmu a Kano kuwa, muna yara, Marsandi ɗaya ce tak, ta wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari. In ta karyo kwana ƙwallo muke tsayarwa, mu bi ta da gudu don mu ga fuskokinmu a jikin fentinta.

Mutanen nan ba su ma cika kiranta Mercedes ba. "Daimler" suke cewa, kuma in aka tambayi mutum inda yake aiki ya ce "wurin Daimler", kamar yadda Bakaduniyar da ta girma a Kakuri za ta ce babanta yana masaƙa. Wurin neman abinci ne. Hedikwatar kamfanin tana Untertürkheim, wata unguwa a nan Stuttgart, manyan motocin S-Class kuma a Sindelfingen ake haɗa su, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga inda nake. Ni kaina a wani sito nake aiki, na kamfanin da ke kai wa masu ƙera motoci kayan haɗi, don haka tuwona ma da tauraron nan a ciki.

Duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi gidan tarihin kamfanin, wanda aka buɗe a 2006. Ana ɗaukar mutum a lif zuwa can sama, ya dinga gangarowa yana bin shekaru. A sama za ka tarar da abin da Carl Benz ya yi wa rajista a ranar 29 ga Janairu, 1886, keke mai ƙafa uku da ɗan inji a baya, wanda A Daidaita Sahu ta fi shi kama da mota nesa ba kusa ba. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci sai da matarsa Bertha ta yi ta maza. A watan Agusta na 1888, da sassafe, ba tare da sanin maigidan ba, ta kwashi 'ya'yanta maza biyu ta kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim, garin mahaifiyarta, sama da kilomita 100. Babu gidan mai ko ɗaya a duniya a lokacin, sai a wani kantin magani a Wiesloch ta sayi abin da injin ke sha. Da bututun mai ya toshe, da allurar hularta ta zuge shi. Da birki ya cinye, wurin baduku ta tsaya ya lanƙaya masa fata.

Na fi son wannan labarin a kan duk motocin sarakunan da ke ginin. Duk wanda ya taɓa ganin bakanikenmu na gindin bishiya ya ɗaure salansa da waya, ko ya yanko robar tsohuwar taya ya maye gurbin abin da babu shi a kasuwa, ya san dangin wannan mata. Tafiya mai nisa ta farko da mota ta yi a duniya da gyaran bakin hanya aka kammala ta.

Sauran tarihin ba wuyar bi. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suna nasu ƙoƙarin a nan Cannstatt. Wani attajiri mazaunin Nice a Faransa, Emil Jellinek, ya riƙa sayen motocinsu yana shiga tsere, ya kuma sa aka laƙaba wa sabuwar ƙirar 1901 sunan 'yarsa, Mercédès. Ashe sunan da alhazanmu ke tinƙaho da shi sunan wata yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Tauraro mai tsini uku ya zo a 1909, wai ƙasa da ruwa da sama. A 1926, bayan karayar tattalin arzikin da ta biyo Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin Benz da na Daimler suka haɗe. Akwai kuma babin da ba a saka shi a talla: zamanin Hitler, wanda a buɗaɗɗiyar Marsandi yake tsayawa yana ɗaga hannu. Zuwa 1944, kusan rabin masu yi wa kamfanin aiki 'yan aikin tilas ne, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga sansanonin gwale-gwale. Zan yaba musu da abu ɗaya, ba su ɓoye wannan a gidan tarihin ba.

Mu a gida ba ta wannan hanyar sunan ya iso mana ba. Ta kan hanyar Legas zuwa Kano ya zo, a jikin babbar motar nan 911 mai gajeren hanci da bodin katako, mai ɗaukar goro ta hauro, ta ɗauki shanu da albasa ta gangara. Har masana'antar haɗa manyan motocin kamfanin aka kafa a Inugu, ANAMMCO, wadda ta fara aiki a 1980. Sai kuma ƙananan. Janar Murtala Muhammed a cikin baƙar Marsandi aka harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma motar tana nan a gidan tarihi na Onikan da hudojin harsashi a jikinta. Gwamnatin da ta biyo baya ta koma wa Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, da sunan ƙanƙan da kai, amma da farar hula suka dawo a 1979 tauraro ya dawo da ƙarfinsa, har aka riƙa kiran wata babbar ƙira da sunan Shagari. Bayanta aka yi yayin 190 da V-boot. A Lome ma matan da suka yi arziki da sayar da atamfa "Nana Benz" ake ce musu. Yankin gaba ɗaya ya yarda cewa wannan ita ce hular da arziki ke sakawa.

To me ya sa? A ganina ba tsada ce ta ba motar wannan suna ba. Rashin mutuwa ne. Ƙirar da suke kira W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, guda kusan miliyan 2.7, ita ce mai shimfiɗaɗɗen but ɗin nan da iyayenmu suka sani. Wani direban tasi a ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da wata 240 D ta zamanin da ya gabaci wannan, kafin ya miƙa ta ga kamfanin a 2004. Ƙarfe ne da inji da 'yan wayoyi kaɗan. Mai sifana da kunne mai kyau zai iya gano ciwonta ya kuma warkar da shi. Irin waɗannan motoci ne suka sayo wa tauraron mutunci a ƙasashen da ba su da kwalta mai kyau, kuma bakanikawanmu ne suka riƙe su da rai shekara talatin bayan Jamusawa sun yar. Da za a yi adalci, da an rataya hoton wani mai gareji na Ƙofar Ruwa ko Panteka a bangon gidan tarihin nan.

Shekara huɗu da suka wuce ni ma zuciya ta ja ni. Na sayi tsohuwar C-Class mai shekara goma sha uku daga hannun wata tsohuwa da mijinta ya rasu, a kan kuɗin da bai kai albashina na wata uku ba. Kafin ta ba ni makulli, sai da ta zaunar da ni ta buɗe wani ɗan littafi: duk juyen baƙin mai da aka taɓa yi wa motar, da kwanan wata, da yawan kilomita, da hatimin gareji. A nan wannan littafin shi ne rabin kuɗin mota. Bajamushe in zai sayi ta hannu, takarda yake fara dubawa kafin ya dubi fenti. Mu kuwa sai mu zagaya ta sau uku, mu doki taya da ƙafa, mu ce a tayar mu ji, dillali yana gefe yana rantsuwa cewa wata likita ce ke hawa a Turai, daga gida sai asibiti.

Kuskuren da na yi shi ne tura hoto a zauren WhatsApp na gidanmu. Kafin la'asar an yi mini barka ta fi hamsin. Washegari Kawu ya kira.

"Ɗana, mun ga abin arziki. Allah Ya sanya alheri, Ya tsare."

"Amin, Kawu. Ai tsohuwa ce, ta zuwa aiki ce kawai."

"Tsohuwar Marsandi ai ta fi sabuwar wata. To dama maganar rufin ɗakin nan ne…"

Ban ga laifinsa ba. A idonsa, wanda ya hau wannan mota ya wuce lissafin kwanon rufi. Yaya zan yi in fahimtar da shi cewa maƙwabcina mai share ofisoshi irinta yake hawa, kuma shugaban sashenmu, wanda ya ninka ni albashi sau uku, a keke yake zuwa aiki da 'yar hular kwano a ka? Manyan sababbin da ake gani suna sheƙi a titi ma, akasarinsu ba na masu tuƙa su ba ne. Wajen kashi biyu cikin uku na sababbin motocin da ake yi wa rajista a Jamus da sunan kamfanoni ake yi, ma'aikaci ya hau shekara uku ya mayar.

Sayen doki bai taɓa zama abin wuya ba, turke da harawa da dawar kullum su ne ke raba mai doki da mai sha'awa. A nan harawar a rubuce take. Inshora dole, ba ta takardar nuna wa ɗan sanda ba, ta gaske. Harajin mota duk shekara. Tayoyin hunturu daban, na bazara daban, ka kuma biya inda za a ajiye maka waɗanda ka cire. Duk bayan shekara biyu a kai ta gwajin lafiya, wanda kowa ke kira TÜV, a ɗaga ta sama a leƙa cikinta da fitila. In birki ko tsatsa ko hayaƙi bai yi ba, babu sitika, babu hawa titi. Kuɗin aikin bakanike na awa ɗaya ya isa a yi wa mota cikakken sabis a gida har a ba yaran gareji na abinci. Daga 2019 kuma birnin nan, mahaifar motar, ya hana tsofaffin masu shan dizal shiga cikinsa saboda gurɓatar iska.

Nan ne hanyarsu da tamu ke haɗuwa. Motar da gyaranta ya fi ƙimarta, ko doka ta kore ta, ba ta daɗewa sai ka ga an soke mata ɗan kati a gilashi: muna sayen mota ko wace iri, kuɗi hannu. Daga nan sai tashar Hamburg ko Antwerp, sai Kwatano ko Lome ko Legas. Kafin gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, da yawa ta Nijar suke zagayowa su faɗo ta Maraɗi. Abin da aka sallama a nan saboda ya gaji, shi ake ɗaura wa kyalle a can a kai shi gidan biki.

Wannan bai dame ni ba a zamanin V-boot, don ita gajiyarta ta Bature ce, a wurinmu yarinya ce ɗanya. Abin da ke damuna shi ne na yanzu. Tun daga 1978 da suka saka birkin ABS mai hana taya kullewa, da jakar iska a 1981, motar take ƙara wayo, kuma ba na musun cewa wayon nan ya ceci rayuka. Amma ta yau kwamfuta ce mai taya huɗu. Wasu a kan iska suke zaune maimakon sifirin. An ƙera ta ne da zaton mai tsabtatacce, da baƙin mai na musamman, da titi marar rami, da gareji mai na'urar da za ta tambaye ta inda ke mata ciwo. Ka ɗauko wannan ka kai ta inda aka taɓa sayar wa mutane gurɓataccen fetur a gidajen mai, kamar yadda ya faru a Fabrairun 2022, inda damina ɗaya ke mayar da layi kududdufi, inda kuɗin mai ya ninka tun cire tallafi a 2023. Ba laifin motar ba ne, ba kuma na bakanike ba. An raba kifi da ruwa ne. Zagaya unguwannin masu hali ka ƙirga manyan motocin da suka durƙusa a harabar gida, an lulluɓe su da tampol, ana jiran wani ɗan akwatin lantarki daga Dubai tun bara.

Mutuncin da muke biya da tsada na kakar ne, jikar muke kawowa gida. Shi ya sa idan ɗan'uwa ya tambaye ni shawara nake ce masa ya fara zuwa gareji kafin ya je wurin dillali. Ya tambayi wanda zai riƙa gyara ta ko yana da na'urar, ko ana samun kayanta a Kano ba sai an yi oda ba, nawa ne fitilar gaba guda ɗaya. In ya ji amsa bai yi gumi ba, bismillah, ya saya, mota ce mai daɗin hawa, ban taɓa tuƙa wadda ta kai ta natsuwa a babban titi ba. In kuwa sai ya sayar da fili, to ya nemi 'yar Japan ɗinsa ya huta.

Tawa gwajinta na gaba watan Maris ne, kuma mai garejin da nake zuwa ya riga ya nuna mini inda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya fara cin ƙasanta. Shekara goma sha bakwai ba wasa ba. Jiya na fito na tarar an soke mata katin nan a gilashi, na cire na saka a aljihu. Da daddare ƙanena ya kira, bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Yaya, in za ka canza, don Allah kada ka sayar wa kowa. Ka sako mini ita a jirgi."

Na ce masa ya je Ƙofar Ruwa ya tambayo mini kuɗin fitilar gaba tukuna.