Da sunan talaka suka zare takobi

A shekarar 1465 manyan masu sarautar Faransa suka haɗa kai suka yi wa Sarki Louis na 11 tawaye, suka ce sun tashi ne don maslahar jama'a. Duk lokacin da na ji ana yabon wannan tawaye a matsayin yaƙi da zalunci, raina ɓaci yake yi.

Jagoransu na gaskiya shi ne Charles, magajin gidan Burgundy, tare da Francis na 2 mai Brittany da John mai Bourbon, dukkansu masu mulkin manyan yankuna a Faransa. Sai suka sa ƙanin sarki a gaba, Charles mai Berry, matashi ɗan shekara 18, don a ce rikicin cikin gida ne. Kukan da suka yi ta yi shi ne haraji ya danne talaka. Kuma ya danne shi ɗin. Tun 1445 masarautar ke riƙe da sojoji na dindindin, manomi ne kuma ke biyan albashinsu. Ba wanke Louis nake yi ba. Da hawansa mulki a 1461 ya sallami manyan fadawan mahaifinsa, shi kansa ma a 1440 da shi aka yi wa uban nasa, Charles na 7, tawaye.

Ranar 16 ga Yuli aka gwabza a Montlhéry, kudu da Paris, babu wanda ya yi rinjaye. Suka yi wa Paris ƙawanya, sojojinsu na cinye amfanin gonar ƙauyukan da suka ce sun zo ceta.

Wurin sulhu, a Conflans da Saint-Maur kusa da Paris cikin watan Oktoba, asirinsu ya tonu. Ƙanin sarki ya karɓi ƙasar Normandy sukutum. Burgundy ta mayar da garuruwan bakin kogin Somme hannunta, waɗanda Louis ya fanso a 1463 da kuɗin zinariya 400,000, kuɗin da aka tatso daga wajen talakan nan. Sauran kowa ya kwashi rabonsa, wani muƙami, wani ƙasa, wani kuɗin shekara. Talaka fa? Aka kafa masa kwamitin mutum 36 wai zai gyara mulki. Ina wanda ya tsaya ya ce ba zai sa hannu ba sai an rage haraji? Wannan shi ya fi ci mini rai, domin a ranar sarki na cikin matsi, da sun nema da sun samu.

Cikin 'yan watanni Louis ya raba kansu ya ƙwace Normandy. Harajin kuwa bai sauka ba, kafin rasuwarsa a 1483 ma ya ninninka.